Masu tsara wa ɗan kasuwa shirin ko-ta-kwana: yadda aikinsu ya kasance a gidan burodina

Ina da gidan burodi a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma mutum ashirin da 'yan kai ne ke cin abinci a ƙarƙashinsa: masu kwaɓi, masu gashi, yaran da ke ɗaure leda, masu kai kaya a babur, direba, maigadi da manaja. A tsakiyar 2024 na ɗauki wasu mutum biyu masu ƙaramin ofishi a cikin garin nan, waɗanda sana'arsu ita ce su zauna da mai kasuwanci su tsara masa abin da zai yi idan gobara ko ambaliya ko ɗaukewar wuta ko ciwon maigida suka tsayar da aiki. Abokan sana'a sun yi ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri ɗaya. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin a maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma masu irin aikin ba su kaɗai ba ne.

Aikin ya yi mini amfani. Amma amfanin bai fito daga kundin da suka fi alfahari da shi ba, ya fito ne daga tambayoyin da suka titsiye ni da su, musamman a kan ma'aikata.

Duk wanda ke Sakkwato a Janairun 2021 ya ga hayaƙin da ya tashi daga Sabuwar Kasuwa. Akwai wani bawan Allah da nake sayen sukari da leda a wurinsa, shagonsa yana cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus. Kaya sun dawo masa a hankali, don 'yan uwa sun taimaka, manyan dilolinsa ma sun ba shi bashi ya sake tsayawa. Abu biyu ne ba su dawo ba. Littafin bashinsa ya ƙone tare da shagon, don haka mai tsoron Allah ya kawo abin da ya tuna, wanda ya manta ko ya ga dama ya manta shi ke nan. Yaransa kuma, waɗanda suka san kowane kwastoma da irin abin da yake saye, ba su iya zaman jira babu ko sisi ba, kowa ya kama gabansa. Ɗaya daga cikinsu a wurina yake aiki har yau. Tun lokacin abin ya tsaya mini a rai, sai dai ban san wanda zan tambaya ba, har wani abokina mai kantin magani ya haɗa ni da mutanen nan.

Babban cikinsu, wanda nake kira Malam, dattijo ne da ya daɗe yana aiki a harkar inshora, shi ne irin wanda ake turawa ya kiyasta asara bayan gobara. Ɗayar, wadda nake kira Malama, matashiya ce da ta karanci lissafin kuɗi, ita ke kula da ɓangaren takardu da waya da kwamfuta. Kuɗin da suka nema ya yi daidai da buhun fulawa biyar a farashin lokacin, rabi kafin a fara, rabi bayan an gama. Ga mai gidan burodi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai da na yi shawara da uwargida kafin na amince.

A zaman farko Malam bai buɗe wata takarda ba. Ya ce, "Alhaji, in yau tandar nan ta tsage, kwana nawa masu shayinka za su jira ka?" Na ce kwana biyu. A na uku za su karɓi na wani gidan, kuma mai shayi in ya ci bashin wani gidan burodi, ya zama nasu, don ba ya iya sauyawa sai ya biya. Ya ce to a kan kwana biyun nan za a gina komai. Duk abin da ba zai iya dawowa cikin kwana biyu ba, dole a nema masa madadi tun yanzu. Abin da zai iya jiran wata guda kuwa, kada mu kashe masa ko kwabo. Wannan rabewar ita ce abu mafi tsada da na saya a wurinsu. Da an bar ni da kaina, da fentin gaban gida da kyamarar tsaro zan fara, alhali ba su ne ke sa burodi ya fita da asuba ba. Abin da ke sa ya fita shi ne tanda, injin kwaɓi, ruwa, fulawa, mai kwaɓin da ya san awo, da mutanen da suka san ƙofar kowane mai shayi.

Daga nan muka zagaya gidan, kuma a nan na ga cewa dattijon ya san aikinsa. Akwai tukunyar kashe gobara rataye kusa da ƙofar sito tun lokacin da aka buɗe gidan. Ya sauke ta, ya goge ƙurar fulawar da ta rufe agogonta da babban yatsa, ya nuna mini allurar ta kwanta a ja. Ya kifa tukunyar ya kara kunnensa, ya ce hodar da ke ciki ta daskare, ko an matsa ba abin da zai fito. Ya kira yaran ya tambaye su wa ya taɓa zare fil ɗin irin wannan tukunyar. Babu ko ɗaya. Sai ya je motarsa ya ɗauko tasa, aka hura wuta a cikin rabin duro a tsakar gida, ya sa kowa ya riƙe ta bi da bi: a zare fil, a saita bakin tiyo a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa ana kaɗawa hagu da dama. Ya maimaita musu har sau ba adadi cewa wutar da ta tashi daga wayar lantarki ko daga man janareto ba a watsa mata ruwa.

Ƙofar baya ta fi tayar mini da hankali. Masu kwaɓi da masu gashi aikin dare suke yi, wasunsu kuma a ciki suke ɗan rintsawa kafin kwaɓi ya tashi. Ƙofar bayan tana da kwaɗo saboda ɓarayin fulawa, makullin kuma yana aljihun maigadi, wanda ke zaune a ƙofar gaba. Tsakanin ɗakin da yaran ke kwana da ƙofar gaba akwai tulin itace da jarkokin man gas. Malam ya tsaya a wurin ya ce in wuta ta kama nan, ta ina mutanenka za su fita? A ranar aka kira mai walda ya sa sakata mai buɗewa daga ciki, aka gina wa man ɗan ɗaki a waje nesa da tanda, itacen kuma aka mayar da shi bayan katanga. Fulawa da sukari aka ɗora su a kan katakai masu tsayin kamu biyu daga ƙasa, aka janye su daga jikin bango.

A kan ruwa ya yi mini bayanin da na yarda da shi. Ya ce in an ce ambaliya a Sakkwato, kowa 2010 yake tunawa, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a garuruwan da ke bakin gulbi daga wajen Goronyo, har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma mu a Mabera ba gulbi ne ke shigo mana ba, ruwan sama ne da ya rasa hanyar wucewa. Maganinsa daban: a ɗaga bakin ƙofar sito, a yashe kwata kafin damina ta kankama, a daina tara fulawar wata guda a wuri ɗaya tsakanin Yuli da Satumba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, Malama ce ta koya wa manajana inda zai duba su.

Ba kowa ne ya ji daɗin zuwansu ba. Babban mai kwaɓinmu, wanda duk muke kira Baba don ya girme ni, ya same ni a ofis ya ce, "Alhaji, wanga zance na mi ne? Ana zaune lahiya ka kawo muna masu kiran wuta da mutuwa." Ban yi masa musu ba, don na san da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma yawancin mutanenmu haka suke ji: ambaton musiba kamar yi wa kai mugun baki ne. Na ce, "Baba, in na kwanta asibiti wata guda, wa zai ba ka kuɗin cefane?" Ya yi shiru, can ya ce Allah. Na ce haka ne, amma ta hannun wa? Daga baya shi ne ya fi kowa tsare yaran a kan ƙofar baya.

Littafin bashinmu babban littafi ne mai bango baƙi, gefensa duk ya sha mai da fulawa. Malama ta buɗe shi ta fara karantawa a bayyane: mai shayin bakin tasha, Dogo na kwanar asibiti, mai shago kusa da masallaci, Hajiya mai 'yan makaranta. Ta ɗago ta ce, "Alhaji, in ba kai ko yaron da ke kai musu ba, wa zai gane mutanen nan?" Wannan ya nuna mini cewa ko littafin bai ƙone ba, rabin abin da ke cikinsa a kan mutum biyu yake. Ta zauna da masu kai kaya ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta wa kowane kwastoma cikakken suna da lambar waya da kwatancen wurinsa. Ba ta ce mu jefar da littafin mu koma kwamfuta ba, kuma na yaba mata a kan haka, don da ta ce haka da abin ya mutu cikin mako guda. Abin da ta tsara mai sauƙi ne. Kowane dare bayan an rufe lissafi, manaja ya ɗauki hoton shafin ranar da wayarsa, hoton ya hau ajiyar Google Drive da aka buɗe da sunan gidan burodin, sannan ya tura mini kwafi. Littafi yana ofis, kwafi yana intanet, kwafi yana wayata a gida. Haka aka yi wa takardar rajistar kasuwanci, shaidar NAFDAC, takardar fili, rasiɗin injin kwaɓi da na janareto. Na asalin kuma suka bar gidan burodin gaba ɗaya.

Ta kuma sa mana lambar sirri ta biyu a WhatsApp, don yawancin odarmu ta can take shigowa, ta sa aka rubuta lambobin wayar kowa a takarda aka manna a ofis da ɗakin maigadi, tun da wayar da ta faɗa ruwa ko ta ƙone ba ta ba ka lambar kowa. Na'urar POS ta zama biyu daga kamfani daban-daban, layin waya ma biyu. Wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Inda na fi daɗewa da Malam shi ne kuɗin ma'aikata, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin duk mai ɗaukar mutane aiki ya kamata ya yi irin wannan zaman, ko da ba da su ba. Tanda in ta rushe, magini zai tayar da ita. Injin in ya ƙone, akwai shi a Kano. Amma Baba ya san yawan yis ɗin da kwaɓi ke so a sanyin hunturu da wanda yake so a zafin Afrilu, lokacin da kwaɓi ke tashi kafin ka juya, kuma ba a sayen wannan a kasuwa. In gidan ya tsaya mako uku ba albashi, dole ya nemi wani wuri, don yana da iyali, kuma babu mai ganin laifinsa. Malam ya sa muka lissafa abin da ake biyan kowa a wata, har da masu karɓar kuɗin yini, ya ce wannan adadin a tara shi a asusu na daban, a banki na daban, kada a taɓa shi don sayen fulawa ko da farashi ya faɗi. Ban iya zuba shi lokaci ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan aka tara. Ya kuma ce in faɗa wa ma'aikatan da bakina cewa kuɗin yana nan, kuma in wani abu ya faru za a biya su wata guda cur ko ba a gasa ko ɗaya ba. Da farko na so in ɓoye, don kada a sa ido. Ya ce in ba su sani ba, ranar da abin ya faru ba za su jira su ji ba. Gaskiyarsa.

Dalilin banki na daban shi ma a fili yake a lokacin, domin a watan Yunin 2024 ne Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Heritage Bank. Malam ya bayyana mini cewa hukumar NDIC tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci guda, adadin da aka ɗaga a shekarar daga dubu 500, abin da ya haura haka kuwa sai an sayar da kadarorin bankin. Ko ba a kai ga rushewa ba, sabis ɗin banki yakan tsaya ranar da kake tsananin bukata.

Sai maganar da ba mai son yi. Ya tambaye ni da sunan wa asusun gidan burodin yake, kuma wa ke iya cire kuɗi in ba ni. Ya yi mini bayani cewa takardar wakilci tana aiki in mutum yana raye, yana jinya ko ya yi tafiya, amma da zarar ya rasu ta faɗi, asusun da ke da sunansa kuma banki yakan rufe shi har sai magada sun kawo takardun kotu. A tsakanin nan fulawa ba ta jira, albashi ba ya jira. Ya ba ni shawarar in mayar da kasuwancin cikakken kamfani mai rajista, mai asusun kansa da masu sa hannu fiye da ɗaya, yadda hannun jarina ne zai shiga rabon gado, ba tandar da injin ba. Bai yi shisshigi a abin da ba fanninsa ba, ya ce in ga lauya a kan rajista, in kuma zauna da malami a kan hukuncin gado. Na yi duka biyun.

Shi ne kuma ya sanar da ni dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun NSITF, don a kula da ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Duk wanda ya taɓa ganin abin da injin kwaɓi ke yi wa hannu ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

A kan inshora ya faɗa mini abubuwan da dillalai ba su cika faɗa ba. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa sai an ƙara wannan sharaɗin a rubuce, ba ta kuma biyan cinikin da ka rasa a kwanakin da gida ke rufe sai ka sayi wannan daban. Abin da ya fi kama ni shi ne hukuncin rage ƙima. In kayanka na miliyan 10 ne ka yi musu inshorar miliyan 5 don ka rage kuɗin shekara, gobara ta ci na miliyan 4, ba miliyan 4 za a ba ka ba, miliyan 2 ne, don rabin kayan ka lamunce. A ƙasar da farashin fulawa ke tashi tsakanin Sallah da Sallah, mutum yana iya faɗawa wannan ramin ba da niyya ba, saboda haka dole a sabunta ƙimar duk shekara. Ya ce kuma ranar da abu ya faru a sanar da kamfani nan take, a ɗauki hotuna kafin a share komai, a nemi rahoton 'yan kwana-kwana.

Shawarar da na ɗauka ba za ta yiwu ba ita ce ta neman abokin tanda. Ya ce in sami wani mai gidan burodi a wata unguwa mai nisa, mu rubuta yarjejeniya cewa duk wanda gidansa ya tsaya, ɗayan zai ba shi tanda da injin a sa'o'in da ba ya aiki, kowa da fulawarsa da ledarsa da yaransa, a biya kuɗin itace da mai. Na ce ai abokin hamayya ne. Ya ce shi ma tsoron da kake ji yake ji. Na yi wa wani da muka daɗe da sani a wajen Arkilla magana, ya karɓa da hannu biyu, sharaɗinsa ɗaya, kada yaran wani su nemi kwastoman wani. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Wani ɓangare na fulawata ma yanzu a siton wani ɗan uwana yake kwana, ba duka a Mabera ba.

Kafin su karɓi cikon kuɗinsu sun yi mana gwaji. Suka zo da sassafe ba sanarwa, Malam ya karɓi wayata ya kashe, ya ce yau Alhaji ba ya nan, injin kwaɓi kuma ya ƙone, manaja bismillah. Ina zaune ina kallo ba halin magana. Manaja ya kira Arkilla, aka ce su zo. Sai aka tarar motarmu ta fita da kaya, ba abin da zai ɗauki fulawa, kuma babu lambar ko mai a-kori-kura ɗaya a takardar da aka manna. Aka kuma tarar cewa gwangwanayen gashinmu sun fi na can tsawo, layi ɗaya ba ya shiga tandarsu. Babu kundin da zai nuna maka wannan. Duk wanda zai ɗauki irin mutanen nan, kada ya biya cikon kuɗi sai an yi gwajin.

Daminar shekarar ruwa ya shiga siton har idon sawu a wani dare na Agusta, bai taɓa buhu ko ɗaya ba. A ƙarshen Oktoba kuma aka shiga duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Tandarmu ta itace ce, amma injin kwaɓi da famfon burtsatse wuta suke so. Man da aka ajiye da mai tankar ruwan da aka riga aka yi magana da shi sun riƙe mu, ba mu fasa gashi ba. Abin da tsarin bai hango ba shi ne leda, don masu buga mana ita a Kano su ma duhun ya tsayar da su, sai da muka koma ɗaure burodi a farar leda marar suna.

Yanzu ƙorafina, kuma ba ƙanana ba ne.

Kundin da suka kawo a ƙarshe mai kauri ne, da Turanci, kuma a bayyane yake cewa an ɗauko ƙashin bayansa daga wanda aka rubuta wa wani babban kamfani, don akwai shafuka a kan ɗakin manyan kwamfutoci da sashen hulɗa da 'yan jarida. Mutanen da za su fara ganin wuta da ƙarfe uku na dare su ne Baba da yaransa da maigadi, kuma babu mai karanta wannan a cikinsu. Na nemi shafi ɗaya da Hausa: in wuta ce a yi kaza, in ruwa ne a yi kaza, a kira wane. Sun kawo, amma sai da na yi ta bibiya. Da na ce a rubuta shi da ajami, tun da da yawa cikin yarana makarantar allo suka yi, sai suka ce ba su da mai yi. Limamin masallacin unguwarmu ne ya rubuta mana, shi ne manne a bango yanzu. Ofishin da ke aiki a Sakkwato bai kamata a ce sai kwastoma ya tuna masa wannan ba.

Na biyu, takaful. Na faɗa wa Malam tun farko cewa zuciyata ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, na fi son tsarin da mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda abu ya sama, wanda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Saninsa a nan kaɗan ne, kuma ya yi ta karkato da ni wajen wani dillali da ya sani. Da na tambaye shi kai tsaye ko yana da kamasho a ciki, ya amsa cewa yana da shi. Na ji daɗin gaskiyar, amma kamata ya yi ya faɗa kafin in tambaya. Ni da kaina na nemo kamfanin takaful, na yi amfani da tambayoyin da ya koya mini a kansu. Haka maganar fansho: ya karanta mini abin da dokar 2014 ta ce, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kashi 8 daga ma'aikaci, da inshorar rai, amma da na tambaye shi yadda za a yi da yaron da ke karɓar kuɗinsa kullum da yamma, bai ba ni amsar da zan yi aiki da ita ba.

Na uku ya fi ci mini rai. Motata tana kai burodi Achida da Wurno, wani lokaci har gaba. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki, kuma a Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga. A duk kundin nan, layi ɗaya ne a kan wannan, wai a guji hanyoyi masu haɗari. Direbana ɗan mutane ne, yana da mata da 'ya'ya. Wa ke yanke hukuncin yau ba a fita? In sabis ya ɗauke, ta yaya za mu san ya isa? In bai dawo a kan lokaci ba, wa za a fara kira, wa zai je gidansa? Mu muka zauna da direban da manaja muka tsara: ba fita kafin gari ya waye sosai, ba dawowa bayan la'asar, a kira wani amintaccen kwastoma a kowane gari kafin mota ta tashi, kuma direba yana da ikon cewa ba zai je ba ba tare da an taɓa albashinsa ba. Wannan shi ne bala'in da ya fi kusa da ma'aikatanmu, kuma masu sayar da shirin ko-ta-kwana a Sakkwato ba su da uzurin tsallake shi.

Bayan an biya su kuma samun su a waya ya yi wuya, sai daga baya na ji cewa bitar shekara kuɗinta daban. Ba laifi ba ne su caji kuɗi, amma a faɗa tun ranar ciniki.

Mai shago shi kaɗai da yaro ɗaya ba ya bukatar biyan wannan kuɗin, ya ɗauki hoton littafinsa kowane dare, ya sayi tukunyar kashe gobara mai aiki, ya raba kayansa wuri biyu. Amma mai gidan ruwan leda, mai injin casar shinkafa, mai makaranta, mai gidan abinci, duk wanda mutum goma ko fiye ke jiran albashi daga hannunsa, ina ganin ya dace ya kira su ko irinsu. Ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa za su zagaya wurin da ƙafarsu, za su ba da shafi ɗaya da harshen da ma'aikata ke karantawa, za su yi gwaji ba sanarwa, za su bayyana duk kamashon da suke samu, kuma bitar farko tana cikin kuɗin. Ni na gaya musu zan sake kiran su kafin hunturu mai zuwa, lokacin da gobara ta fi yawa, da sharaɗin su zo da tsari na gaske a kan direbobi da masu babur, su kuma zauna da su kafin su rubuta komai. Malama ta ce sun fara tattaunawa da wasu direbobin hanyar Wurno, Malam kuma ya ce zai kawo farashin bitar a rubuce.